Binciken naɗewar furotin da cututtukan da ke biyo bayan lalacewarsa: amsa ga wata ɗaliba

Wata ɗaliba 'yar asalin Daura, wadda take ajin ƙarshe a sashen bayokemistiri na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, ta aiko da tambaya bayan sallama. Ta ce an koya musu a aji cewa cutar Alzaima, wadda take cikin manyan dalilan gigin tsufa, da cutar karkarwa ta Fakinsin suna da alaƙa da furotin da ya naɗe ba daidai ba. Tana son sanin yadda hakan yake faruwa, da yadda rayuwar mai bincike a wannan fage take kasancewa, da kuma ko mutum zai iya soma aikin daga nan gida kafin ya samu hanyar fita waje.

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Zan soma da ilimin kansa a taƙaice, domin na san kin taɓa jin yawancinsa, sannan in daɗe a kan rayuwar mutum guda, saboda a cikinta ne za ki ga yadda ake gina irin wannan aiki.

Kowane furotin yana fitowa ne daga masana'antar ƙwayar halitta a matsayin dogon zare na amino asid, waɗanda iri 20 ne, kuma yawancin furotin ba sa iya aikin komai sai sun naɗe sun ɗauki siffarsu. Ki dubi rawani: ƙyallen ɗaya ne, amma naɗin ne yake nuna ko na hakimi ne ko na malami, idan kuwa ya warware to ya koma tsumma mai harɗe ƙafa. Christian Anfinsen na Amurka shi ne ya nuna cewa umarnin naɗin yana rubuce a cikin jerin amino asid ɗin kansa. Ya ɗauki wani inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, mai amino asid 124, ya warware shi da sinadarin yuriya, da ya cire yuriyar sai ya ga furotin ɗin ya koma siffarsa ya ci gaba da aiki ba tare da taimakon komai ba, kuma wannan ne ya ba shi kyautar Nobel a 1972. Abin da ke tura naɗin shi ne wasu amino asid suna gudun ruwa, wasu kuma suna sonsa, don haka masu gudun ruwan sai su ɓuya a ciki, masu son ruwan su tsaya a waje. Tazarar da ke tsakanin naɗaɗɗen furotin da wararre ƙarama ce ƙwarai, har zafi kaɗan, ko tsami, ko canjin amino asid guda ɗaya yana iya buɗe shi. Da zarar ya buɗe, sassan nan masu gudun ruwa sai su fito fili su nemi irinsu a jikin maƙwabci su manne. Abin da kike gani ke nan idan farin ƙwai ya daskare a tukunya. Ƙwayar halitta tana da furotin masu rakiya da ke taimaka wa sabon zare ya naɗe, tana kuma da injin niƙe wanda ya lalace, sai dai ƙarfin wannan tsaro yana raguwa da shekaru, shi ya sa yawancin waɗannan cututtuka suke jiran tsufa.

Ba kowane dunƙulewa ne yake zama barkatai kamar na ƙwai ba. Akwai wani mai tsari da ake kira amiloid, inda zarurrukan furotin suke jeruwa ɗaya bisa ɗaya har su zama siririn zare mai kaurin kimanin nanomita 10, mai taurin da inzayim ba ya iya narkar da shi cikin sauƙi. Likitoci sun daɗe suna ganinsa a gawa, tun zamanin Rudolf Virchow a 1854, kuma a 1906 Alois Alzheimer ya bayyana curin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu a Jamus bayan ta yi shekaru tana ruɗewa. Amma sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka ware ɗan guntun furotin da ke cikin wannan curi, wanda ake kira amiloid-beta, sai kuma a 1997 aka gano cewa curin da ke ƙwaƙwalwar masu Fakinsin na wani furotin ne mai suna alfa-sinukilin. A yau an san cututtuka kusan 50 da ke tafe da irin wannan dunƙulewa, har da ciwon suga nau'i na biyu, wanda a cikinsa wani ƙaramin furotin mai suna amilin yake taruwa a gaɓar da ke samar da insulin.

Mutumin da nake son ki karanta rayuwarsa shi ne Christopher Dobson, Bature ɗan Ingila, wanda aka haifa a 1949 ya rasu a 2019. Kimiyyar sinadarai ya karanta a Oksfod, ba likitanci ba, ya kammala digirinsa na uku a 1976, ya koyar a Habad ta Amurka na 'yan shekaru, sannan ya koma Oksfod a 1980. Ƙwarewarsa a kan na'ura guda ce, wadda take amfani da maganaɗisu mai ƙarfi wajen sauraron ƙwayoyin zarra da ke cikin furotin yana narke a ruwa, kuma mafi yawan aikinsa na farko a kan furotin guda ne, wato laisozayim, wanda yake cikin farin ƙwai da hawaye da miyau yana kashe ƙwayoyin cuta. Kusan shekara 20 ya yi yana bin diddigin yadda laisozayim yake naɗewa, wane ɓangare ne yake fara kamawa, wane ne yake biyo baya, a lokacin da babu wanda zai ce wannan aiki yana da wani amfani ga majinyaci. Ina jaddada wannan ne domin ɗalibanmu suna son su soma da maganin cuta a aikinsu na farko, alhali wanda ya fi kowa tasiri a fagen bai kai ga maganar cuta ba sai da ya haura shekara 40.

A 1993 wani likita a Landan, Mark Pepys, ya ba da rahoton wasu iyalai da amiloid yake cika musu hanta da ƙoda, kuma da aka bincika curin sai aka tarar laisozayim ne wanda amino asid guda ya canja a cikinsa. Wanda ya fi kowa sanin wannan furotin, wato Dobson, shi aka nufa. A 1997 ayarin Dobson da na Pepys suka nuna cewa canjin bai ɓata siffar furotin ɗin ba, yana ma aikinsa, sai dai ya raunana shi ta yadda wani ɓangarensa yakan buɗe lokaci zuwa lokaci a zafin jiki, kuma a wannan ɗan buɗewa ne mannewar take somawa.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan girma. Wani matashin mai bincike a ɗakinsa yana aiki a kan wani ɗan yankin furotin da ake kira SH3, wanda ba shi da alaƙa da kowace cuta, sai ya bar samfurinsa cikin ruwa mai tsami ya tafi hutun ƙarshen mako, da ya dawo ya tarar ruwan ya yi kauri ya daskare a cikin bututu. A yawancin ɗakunan bincike irin wannan samfuri shara ne, za a zubar a wanke bututun a sake sabo. Su kuwa suka duba shi da madubin lantarki, suka ga zarurrukan amiloid sak irin na majinyata, suka buga sakamakon a 1998. Daga nan suka shiga gwada furotin iri-iri da gangan, har a 2001 suka mayar da mayogulobin, furotin ɗin da ke riƙe iskar oksijin a tsoka, ya zama amiloid, alhali siffarsa ta asali ba ta da kama da amiloid ko kaɗan. Hukuncin da Dobson ya yanke shi ne cewa zama amiloid ba aibin wasu 'yan furotin ba ne, hali ne da kusan kowane zaren amino asid yake da shi idan yanayi ya ba da dama. Wannan ya juya tambayar gaba ɗaya, aka daina tambayar me ya sa waɗannan 'yan tsiraru suke dunƙulewa, aka koma tambayar yaya jiki yake hana dubban sauran dunƙulewa tsawon rayuwa. Ya koma Kambirij a 2001, kuma a 2002 shi da abokan aikinsa na Italiya suka nuna cewa ƙananan curin da ke fara haɗuwa sun fi cikakken zaren guba ga ƙwayar halitta. Ya zama shugaban kwalejin St John's a 2007, ya buga takardun bincike sama da 800, kuma da yawa daga cikin masu jagorancin fagen a yau ɗalibansa ne.

Akwai kuma Stanley Prusiner, likita ɗan Amurka, wanda hanyarsa ta fi ƙaya. A 1972 wata majinyaciyarsa ta rasu da cutar ƙwaƙwalwa ta Creutzfeldt-Jakob, ya shafe shekara 10 yana tace ƙwaƙwalwar dabbobi yana neman ƙwayar cutar, a 1982 ya ce babu wata ƙwayar cuta, furotin ne kawai mai mummunan naɗi da ke tilasta wa ɗan uwansa mai lafiya ya kwaikwaye shi, ya kira shi firiyon. An yi masa ca, domin ilimin lokacin bai yarda abu yana yaɗuwa ba tare da DNA ko RNA ba. Sai ga haukan shanu ya ɓulla a Ingila a 1986, a 1996 gwamnati ta amince cewa yana iya kama mutane ta hanyar nama, mutum 178 suka mutu a ƙasar, shi kuma aka ba shi Nobel a 1997.

Kada kuma ki ɗauka fagen duk nasara ce. An kashe dukiya mai yawa cikin shekaru sama da 20 ana gwada magungunan share amiloid daga ƙwaƙwalwar masu Alzaima, yawancinsu suka faɗi. Maganin lecanemab, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, ya rage saurin lalacewar tunani da kashi 27 cikin 100 a wata 18 a gwajin mutum 1,795, yana iya jawo kumburi ko ɗigar jini a ƙwaƙwalwa, kuma a 2023 an sa kuɗinsa dala 26,500 a shekara. A ganina wannan ya tabbatar da cewa amiloid yana da hannu a cutar, ya kuma nuna cewa ba shi kaɗai ba ne. Nasarar da ta fi tsabta ita ce ta Jeffery Kelly a kan tiranstairetin, furotin da hanta take yi mai gaɓoɓi huɗu. Ya gano cewa ba ya zama amiloid sai gaɓoɓin sun rabu, don haka ya ƙirƙiro maganin da yake ɗaure su wuri guda, wato tafamidis, wanda Turai ta amince da shi a 2011, Amurka kuma a 2019. Ya auna matakin da ya fi jinkiri a cikin tafiyar, ya toshe shi, kuma wannan aikin ɗan bayokemistiri ne tsantsa.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafe ki kai tsaye. Shawarata ita ce kada ki soma da Alzaima. Masu wannan aiki suna da madubin lantarki mai daskarar da samfuri, irin wanda aka gano siffar zaren tau da shi a 2017, wato wani furotin da shi ma yake dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu Alzaima, suna da taskar ƙwaƙwalwar mamata da aka ba su izini, kuma ba za ki yi tsere da su daga Katsina ba. Amma akwai tambayoyin dunƙulewar furotin da suke bakin ƙofarmu, kuma babbarsu ita ce sikila. A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa himogulobin masu sikila, wato furotin da ke ɗaukar oksijin a jini, ya bambanta da na sauran mutane, a 1957 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin amino asid guda ne, inda balin mai gudun ruwa ya maye gurbin gulutamik asid a matsayi na 6 na zaren beta. Ki lura da kyau, domin masu jarrabawa suna kama ɗalibai a nan: himogulobin sikila yana naɗewa daidai, ba amiloid yake zama ba, sai dai idan ya sauke oksijin wannan ɗigon mai gudun ruwa yakan shige wani gurbi a jikin maƙwabcinsa, su jeru su zama dogayen sanduna da ke lanƙwasa ƙwayar jini. William Eaton da James Hofrichter sun auna wannan a 1974, suka ga cewa akwai ɗan jinkiri kafin sandunan su soma fitowa, kuma tsawon jinkirin yana canjawa matuƙa da ɗan ƙaramin canji a yawan himogulobin. Idan jinkirin ya fi lokacin da ƙwayar jini take ɗauka ta ratsa siririyar jijiya tsawo, ta tsira, idan ya gaza kuwa ta maƙale ciwo ya tashi. Wannan ne ya sa ƙarancin ruwa a jiki yake tayar da ciwon, kuma shi ya sa maganin haidiroksiyuriya yake aiki, domin yana ƙara himogulobin na jarirai wanda ba ya shiga cikin sandunan. A 1985 Frank Ferrone tare da su suka nuna cewa sababbin sanduna suna tsirowa a jikin tsofaffi, kuma irin wannan lissafi ne Tuomas Knowles da ayarin Dobson suka faɗaɗa, har a 2013 suka nuna cewa amiloid-beta ma haka yake hayayyafa. Ke nan cutar da take cika ɗakunan yara a asibitocinmu ita ce ta fara koya wa masana lissafin da suke fahimtar Alzaima da shi. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai 150,000 a shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS.

Akwai tambayoyi biyu da ba a cika kula da su ba. Wani canji a tiranstairetin da ake kira V122I yana jikin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka, asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, kuma yana sa amiloid ya taurara zuciya bayan shekara 60, ta yadda cikin sauƙi za a ɗora laifin a kan hawan jini. Ƙirga masu ɗauke da shi a cikin dattawan da ke zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da ciwon zuciya aiki ne da na'urar PCR mai kwafin DNA za ta iya, idan an samu izinin kwamitin ɗa'a da haɗin kan likitoci. Ta biyun ita ce insulin, wanda tun shekarun 1940 aka san yana zama zare idan ya sha zafi da girgiza. Ana ajiye shi ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, wani bincike da ƙungiyar likitocin MSF da Jami'ar Janiba suka buga a 2021 ya nuna cewa yana jure zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 zuwa 37 har mako 4, amma zafin Daura a watan Afrilu yana haura digiri 40, wutar lantarki ba ta tsayawa, mutane kuma suna ajiye allurarsu a gindin randa ko su ɗauko ta a aljihu bisa babur. Auna abin da ke faruwa da insulin a wannan yanayi bincike ne na gaske, kuma amsarsa za ta amfani masu ciwon suga nan take.

Wajen koyon hannu, laisozayim na ƙwan kaza shi ne malaminki, domin yana da araha kuma an san shi ciki da bai. Idan kika narkar da shi a ruwa mai tsamin pH 2 kika ajiye a zafin kimanin digiri 60, zai zama amiloid cikin 'yan kwanaki, kuma za ki iya bin sa da rini biyu: jan Kongo, wanda na'urar auna haske ta kowane sashe za ta karanta, da tiyofilabin T, wanda yake ƙyalli idan ya kama zaren amma yana buƙatar na'urar auna ƙyalli. A nan ne zan ja kunnenki. Ɗalibai da yawa suna jiƙa ganyen zogale ko kurkur su zuba a kan samfurin, ƙyallin ya ragu, su rubuta cewa sun gano maganin amiloid, alhali sinadaran tsirrai masu launi suna shanye hasken ne ko su ture rinin daga mazauninsa, zaren kuwa yana nan daram. Ba na hana binciken tsirrai, domin daga tsirrai ne cibiyar NIPRD ta Abuja ta haɗa Niprisan na sikila a shekarun 1990. Abin da nake nema shi ne ki zuba tsiron a kan zaren da ya riga ya haɗu ki ga ko ƙyallin zai faɗi nan take, ki juya samfurin a injin wulwulawa ki auna furotin da ya rage a ruwan sama, ki kuma maimaita gwajin da sabon haɗi a ranaku daban-daban, saboda dunƙulewa tana jin ƙura da girgiza da ma irin bututun da aka yi amfani da shi.

Ki riƙe lissafi da kimiyyar saurin haɗuwar sinadarai tun yanzu, domin wanda ba ya iya fitar da ma'ana daga lanƙwasar layin da na'ura ta zana zai tsaya ne a bayanin launi. Ki koyi harshen kwamfuta na Python, ki saba da taskar siffofin furotin ta PDB da ta AlphaFold, wadda take ɗauke da hasashen siffar furotin sama da miliyan 200 kyauta, kuma masu ita suna cikin waɗanda aka ba Nobel a 2024. Ki sani dai AlphaFold yana hasashen inda naɗi yake ƙarewa ne, ba ya gaya miki hanyar da furotin yake bi ya lalace ko saurin dunƙulewarsa, saboda haka kada ki gina aikinki kacokan a kan hotunan kwamfuta kamar yadda ya zama yayi.

Digiri na biyu za ki iya yin sa a gida, a Katsina ko Zariya ko Kano, muddin kin zaɓi malami saboda kayan aikin da ke ɗakinsa da lokacin da yake ba ɗalibansa. Na uku kuwa yakan buƙaci zama a ɗakin binciken da ke da manyan na'urori, ko dai gaba ɗaya ko na wasu watanni, ta hanyar tallafin Commonwealth na Ingila, ko DAAD na Jamus. Bayansa akwai shekarun aiki a ƙarƙashin wani kafin ki samu ɗakinki, kuma tun da ke mace ce, gara a zauna da iyaye da wanda zai aure ki a yi maganar tsawon wannan tafiya tun da wuri. Idan kin tashi rubuta wa wani farfesa, ki karanta takardunsa biyu ko uku na baya-bayan nan, ki aika masa da zanen sakamakonki na laisozayim ko insulin tare da gwaje-gwajen tantancewar da kika yi, ki faɗa masa tambayar da kike son ɗauka da samfurin da za ki iya samowa daga Katsina wanda shi ba shi da hanyar samu. Allah Ya yi miki jagora, Ya sa albarka a karatun.